Tukunyar Bello Mai Ƙyalli

Azumin bana da zafi ya zo, ni kuma aikina gaban wuta ne. Tun da hantsi nake kunna tanderun ɗakin bincikenmu, kafin azahar bango ya ɗauki zafi, leɓena ya bushe, in riƙa duban famfo ina kau da kai. Masu tambayata me nake yi a jami'a nakan ce musu ginin tukwane, su yi dariya su ce na cika zolaya. To, rabin maganar gaskiya ce. Gari nake niƙawa a ɗan turmin dutse, in danne shi a inji ya zama 'yan ƙwayoyi kamar maɓallin riga, in gasa su su zama tangaran. Irin tangaran ɗin da ke cikin wayar hannu da rediyo da na'urar hoton ciki ta asibiti. Aikinsa ya riƙe wutar lantarki, ya sake ta lokacin da ake so. Wani ma in an juya shi da wuta zuwa gefe ɗaya, ko an ɗauke wutar yana nan a juye, sai an sake juya shi ko zafi ya fi ƙarfinsa. Gwanintar duk tana cikin ƙari. Ɗan abin da bai cika bakin cokali ba za ka barbaɗa a garin, sai ƙwayar ta canza hali, ko ta riƙe wuta fiye da da, ko ta lalace ta riƙa yoyo.

Abin haushin shi ne, wanda ya fi kowane iya wannan aiki da dalma ake haɗa shi. Ni kuwa bincikena na neman haɗin da babu dalma ne, kuma ya fara yin kyau. Sai ga Farfesan da ke duba aikina ya shigo a farkon azumi, ya ajiye mini wata kwalba a kan kanta.

"Saratu, ba za ki ce naki ya kusa kamo na dalma ba, sai kin gasa na dalmar da hannunki kin auna su gefe da gefe."

Gaskiya ya faɗa. Garin dalmar da ke ciki launin ruwan goro ne, gwanin kyau, kuma har yau ban kwance murfin ba. Ran da ya kawo ta, da aka sha ruwa maƙwabciyata ta aiko mini da kunun tsamiya mai zafi. Na yi godiya, na ba 'ya'yan mai gadi. Ni ba na shan kunun tsamiya, kuma ƙamshinsa da ganin kwalbar nan a rana ɗaya suka mayar da ni wani azumi da ya zo a tsakiyar damina.

Lokacin ina 'yar budurwa, a ƙauyenmu na ƙasar Anka, ba nisa da Sunke. Daminar da ta gabata ba ta yi daɗi ba, ruwa ya ɗauke gero na cikin fitar da kai, tun bazara ba ta yi nisa ba aka fara sharar ƙasan rumbu. Sai ga zinariya. Maza suka watsar da komai suka nufi ramuka, ana shigo da duwatsu a buhuna. Injinan niƙan hatsi suka koma niƙan dutse, mata na dakan saura a turmin da suke dakan fura. Ƙura mai laushi ta bi ko'ina, in rana ta haska sai ka ga tana walƙiya a jikin yara. Zafi kuwa ba a magana, ko ruwan randa ɗumi yake yi kafin la'asar.

Baba bai yarda ba. Ba wai ya san wani abu ba ne, shi dai manomi ne mai taurin kai, ya ce dutse ba zai shiga gidansa ba. Ƙannensa suka yi ta tsokanarsa, suna zuwa gaishe shi a kan sababbin babura, suna cewa ko a rage masa hanya zuwa gona. Ya ce ƙafarsa ba ta cin mai.

Abin da ya riƙe gidanmu a bazarar nan hannun Inna ne. Maginiyar tukwane ce, a wurin uwarta ta gada. Ni ce 'yar fari, don haka ba ta kiran sunana, "Ke" take cewa, kuma daga yadda ta ja kalmar nake gane ko na yi laifi. Tsakanina da ƙanena Bello an haifi biyu ba su zauna ba. Shi kuwa ya zauna, ya yi ƙiba, an yaye shi, ya koma bayana. Duk inda zan je yana goye, yana ja mini kitso. Mu muke ɗebo yumɓu a fadama, mu jiƙa, in tattake da ƙafa, Inna ta zuba dakakken tsingaro don kada tukunya ta fashe a wuta. In ta gina ta sha iska, sai ta shafe ta da jar ƙasa, ta goge da ɗan dutse mai santsi.

Wata rana muna dawowa daga tafki muka bi ta inda maza ke wanke garin dutse. Lakar da ta rage bayan an tsame zinariya tana nan tsibi, ba mai so. Inna ta duƙa ta murza ta a yatsu. Laushi kamar garin alkama, ga wasu 'yan ƙwayoyi na ƙyalli a ciki. Ta cika kwanon da ke hannunta.

Na ce, "Inna, Baba fa ya hana."

Ta ce, "Dutse yah hana. Wagga laka ta."

Ta dama ta da jar ƙasar, ta shafe tukwanen ciki da waje. Da aka kwashe toka bayan gashi, duk muka yi tsaye. Tukwanen sun fito da wani ƙyalli mai duhu, in ta ƙyasta su da farce suna amsawa kamar ƙarfe, kuma ba sa tsatsar da ruwa. Mata suka riƙa shigowa kallo. Dillaliya ta kwashi wasu zuwa kasuwar Gummi, ta dawo ba ko ɗaya. Da kuɗinsu muka ci tuwo a watannin da wasu ke kwana da yunwa. Ban taɓa ganin Inna tana alfahari da aikinta kamar lokacin ba, har waƙa take yi ƙasa-ƙasa in tana gogewa. A ƙarshe ta gina wata 'yar ƙarama mai murfi don kunun Bello, ta shafe cikinta sau biyu. Ya so ta ƙwarai, in ya ƙoshi sai ya rungume ta yana lasar bakinta.

Kafin ruwan farko yara suka fara mutuwa. Yaro zai yi amai, ya daina wasa, ya riƙa kuka yana riƙe ciki, sai jijjiga ta kama shi, idanu su juye. Wasu suka ce sanƙarau ne, wasu suka ce iska. Aka sha rubutu, aka yi turare, aka yi sadaka. In ka ji kuka ya tashi daga wani gida, sai ka tsaya ka saurara daga wane ɓangare, ka lissafo yaran gidan a zuci. Kuma ƙanana yake ɗauka, sa'o'in Bello. Na daina sauke shi. Ko wanka zan yi sai na zaunar da shi inda zan riƙa jin numfashinsa.

Sai ma'aikatan lafiya suka zo da motoci, da wasu likitoci baƙi, suka ɗebi jinin yara. Nan muka fara jin sunan dalma. Suka ce tana cikin dutsen, tana cikin ƙurar, yara na cinta a hannu da abinci. Baba ya ce to shi gidansa ba dutse. Aka ce masa ƙura ba ta neman izini. Jinin Bello ya nuna dalma, kuma a makon ya fara amai, ƙafafunsa suka ƙi ɗaukarsa. Aka kwashe mu zuwa asibiti a Anka, ni da Inna da shi. Maganin warin ruɓaɓɓen ƙwai yake yi, sai mun danne shi ake ba shi. Muna can aka kankare ƙasar gidajen ƙauyen duka, aka kwashe ta zuwa wani rami a bayan gari, aka zuba sabuwa. Bello ya farfaɗo, ya miƙe, ya koma ja mini kitso. Da za a sallame mu aka ja mana kunne: a wanke masa hannu, kada ya ci ƙasa, a rufe abincinsa. Inna ta riƙe maganar nan kamar karatu.

Mun dawo damina ta kankama. Ko'ina kore shar, gero ya kai ƙugu, amma rumbu wayam. Marka ta sauka, rana ba ta fitowa sosai, tufafi ba sa bushewa, itace jiƙaƙƙe sai hayaƙi. A haka aka ga watan azumi. Da asuba mu ci ɗumamen abin da ya kwana, yawanci kwaɗon tafasa ne da ɗan ƙuli. Gari na wayewa Baba ya saɓi fartanya, don maimai bai jira, kuma rabin masu zuwa gayya suna zaman makoki ko suna asibiti da yara. Ni in tafi tsinkar ganye a bakin gona, ƙafa cikin caɓi, sauro na bi na. Da la'asar a hura wuta da ƙyar, a dama kunun shan ruwa, tsararo, kana ganin ƙasan ludayi.

Na Bello daban ne. Ɗan geron da ya rage Inna ta ware masa. Tun da asuba take jiƙa tsamiya a 'yar tukunyarsa, ta dama masa mai kauri, ta rufe. Ita ce kaɗai tukunyar da murfinta ke zama daram, ƙura ba ta shiga, kuma an ce a rufe abincinsa. Tunda shi ba ya azumi, yini yake yana sha, zuwa yamma kunun ya ƙara tsami, shi kuma haka ya fi so. Ba ya taka ƙasa, tabarma biyu ake shimfiɗa masa. Hannunsa kuwa har ya yi fari don wanki. Ina kallonsa yana sha, yawuna na tsinkewa, amma ko da an sha ruwa Inna ba ta bari in taɓa nasa.

Azumi bai raba ba Bello ya koma amai. Ya daina dariya, in na yi masa wasa sai ya dube ni kamar bai san ni ba. Da masu bibiyar yaran suka zo suka sake ɗibar jininsa, aka ce dalmar ta hau, ta fi ta farko.

Washegari da hantsi wani ma'aikacinsu ya zo gidanmu, Malam Umaru, mutumin Bukkuyum. Ya zo da na'urar aunawa, wata aba kamar ƙaramar bindiga, a ɗora bakinta a kan abu ta nuna ko akwai dalma. An kwana ana ruwa, motarsu ba ta iya ƙetare rafi ba, da ƙafa ya ƙaraso, wandonsa duk taɓo. Ya auna tsakar gida, ya auna ɗaki, ya auna gindin turmi da tabarma da bakin rijiya. Duk lafiya. Ya share gumi, ya dubi Baba.

"Malam, don Allah ka hwaɗa mani gaskiya. Ana shigo da dutse gidan ga?"

Baba ya miƙe tsaye. "Ina azumi. Wallahi dutse bai taɓa kwana gidana ba."

"To daga ina yaron ga ka samun ta? Wani wuri dai yaka cin ta."

Na san in ba a gano ba, ko an sake yi masa magani gidan nan zai dawo. Bello na bayana, jikinsa zafi, ya fara ƙananan kuka yana miƙa hannu wajen madafa. Kununsa yake so. Na je na ɗauko tukunyar, ɗan kaɗan ya rage, na juye a ludayi. Ina shirin mayar da murfin sai Inna ta ce, "Ke." Ba ta ja kalmar ba, a gajarce ta faɗe ta.

"Kawo tukunyag ga in gani."

Ta karɓa ta karkata ta wajen haske. Daga waje tana nan da ƙyallinta. Daga ciki kuwa, tun daga gindi har daidai inda kunu ke tsayawa, ƙyallin babu shi. Jar ƙasa ce zalla, garas-garas, da wani zobe a sama inda ƙyallin ya tsaya.

"Ina ƙyallin yat tahi?"

Na ce, "Ko wanki ne, Inna?"

"Wanki bai cin shi. Ni ka wanke ta da hannuna, ko soso ban sa mata."

Ta sa yatsa ta shafa zoben. Sannan ta ɗago ta dubi Bello, da ludayin da ke hannuna daf da bakinsa. Ta buge ludayin ya faɗi can gefe. Ban taɓa ganin fuskar mutum ta tsufa nan take ba sai ranar. Ta taka har gaban Malam Umaru, ita da ba ta tsayawa gaban baƙo namiji, ta miƙa masa da hannu biyu.

"Malam, auna wagga."

Ya ɗora na'urar a jikin tukunyar. Ya duba, ya sake ɗorawa a wani gefen. Sai ya ajiye ta a hankali nesa da tabarma.

"Inna, mi kunka zuba cikin ginin ta?"

"Lakar wanki," in ji ta.

Ya ce lakar cike take da dalma, kuma tsami ne ke narkar da ita, tsamiyar ce ta riƙa kankaro ta tana zubawa a kunun. Na dubi Baba, ina jiran abin da zai faɗa, don na san bakinsa. Ya daɗe yana kallon tukunyar. Abin da ya ce kawai shi ne, "Gyara goyon ga, mu tahi asibiti."

Ba mu kai rafi ba jijjigar ta kama shi. A bayana na ji ta. Ya sanƙare, ƙafafunsa suka miƙe suka daki ƙuguna, kansa ya koma baya, sannan ya shiga karkarwa har haƙorana na haɗuwa. Na san wannan abin, na gan shi a gidajen maƙwabta, kuma na san yadda yake ƙarewa. Inna ta ƙwalla ƙara, ni ma na fasa ihu ina kiran sunansa. Malam Umaru ya kwance shi, ya kwantar da shi a gefensa a kan ciyawa, ya hana Inna sa masa yatsa a baki. Yayyafi na sauka a fuskarsa, ko ƙifta ido bai yi. Da ta lafa Baba ya ɗora shi a kafaɗa ya shiga ruwa. Rafin ya cika, ja wur, yana tafe da karare da rassan itace. Ruwan ya kai wa Baba ƙirji, wasu samari biyu suka riƙe shi hagu da dama. Ni da Inna muna biye, riƙe da hannun juna, ina jin yashi na zamewa ƙarƙashin ƙafata. Ruwa ya shiga bakina, ban ma tuna ina azumi ba. Idona na kan hannun Bello da ke lilo a bayan Baba, ina roƙon Allah ya motsa.

A mota ya motsa. A Anka aka karɓe shi da gudu, kuma Allah ya yi da sauran kwanansa.

Da aka tabbatar ya tsallake, Inna ta bar ni da shi ta koma ƙauye. Daga baya aka ba ni labari. Ta fasa duk tukwanen da ke gidanmu, sannan ta bi gida gida, cikin ruwa, da azumi a bakinta, tana karɓar tukwanen da ta sayar. Wata ta ce ba za ta bayar ba, ai da kuɗinta ta saya kuma ruwa kawai take zubawa. Inna ta ɗaga tukunyar ta maka da ƙasa a gabanta, ta tsince tsingaron a zaninta, ta ce ta kai ta ƙara duk inda take so. Har Gummi ta je da dillaliyar, suna tambaya rumfa rumfa. Sun samo wasu, wasu kuwa sun bi masu su zuwa inda ba a sani ba. Tsingaron duka ramin bayan gari aka kai. Daga shekarar ba ta sake taɓa yumɓu ba.

Bello yanzu ya fi Baba tsawo. Shi ke noma, shi ke jan ruwa, ba ya gajiya. Amma maganarsa a hankali take fita, karatu bai zauna masa ba, na allo da na boko, kuma duk abin da ke ƙyalli sai ya ɗauka ya kai baki. Ba wanda ya iya ce mana ga ɓarnar da ƙurar gari ta yi, ga wadda tukunya ta yi. Na sha faɗa wa Inna haka. Takan ce in tashi in ba ta wuri.

Gobe zan buɗe kwalbar Farfesa, ba makawa. Akwai akwatin gilashi mai zuƙe iska, akwai takunkumi, zan sa safar hannu biyu. Na san ka'idar, ni nake koya wa ɗalibai. Amma Inna ba za ta ji ba, saboda abin da ya faru da Sallar bara.

Na tafi gida da ƙwaya ɗaya daga cikin nawa, wadda ta fi kowace riƙe wuta, don in nuna mata. Kafin mu auna su mukan shafa musu ruwan azurfa fuska biyu, don haka tana ta ƙyalli. Muna zaune a tsakar gida na buɗe takardar, kafin in yi magana Bello ya miƙo hannu ya ɗauke ya jefa a baki. Inna ta yi wata ƙara da rabona da jin ta tun bakin rafi. Ta cafki haɓar ƙaton saurayin nan, ta zura yatsa, ya cije ta, ba ta saki ba sai da ta zaro ƙwayar. Ta sa shi kurkure baki, ta sake sa shi, yana hawaye bai san laifin da ya yi ba. Sannan ta juyo gare ni, yatsanta na jini.

"Ke. Mi kinka zuba ciki?"

Na lissafa mata, na ce babu dalma ko ƙwayar zarra, ai aikin nawa ke nan gaba ɗaya.

"Kin auna?"

"Na auna, Inna."

Ta goge ƙwayar a bakin zaninta, ta ɗora a tafin hannu, ta daɗe tana duba. Ta ƙyasta ta da farce, ta kai kunne, yadda take yi wa tukwanenta.

"Ta yi kyau," in ji ta. "Tawa ma ta yi kyau." Ta naɗe ta a takardar, ta danƙa mini, ta rufe yatsuna a kai. "Hita da ita gidan ga."